Ruwa Na Tsallake Iyaka, Labarinsa Na Tsayawa a Shinge

Sharhinmu na yau ya shafi ruwa, da taswira, da kuma iyaka.

Bari a fara da gulbin da Hausawa da yawa suka sani, wato Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa. Ya biyo ta Jibiya, inda aka yi masa madatsa. Ya faɗa Jamhuriyar Nijar, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya wuce ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji. Sannan ya karkato ya sake komowa Najeriya, ya zube a gulbin Rima cikin jihar Sakkwato. Sau biyu ke nan yana tsallake iyaka, kuma babu shingen da ya taɓa tsayar da shi.

To, labarinsa fa? A ce yau da dare an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Jibiya. Wa zai gaya wa manomin fadama a Madarunfa? Ta wace waya? Da wane harshe? Kuma idan an gaya masa, wa zai ce masa ga inda ruwan zai kai, ga tudun da zai gudu da iyalinsa?

Nan gizo ke saƙar, masu sauraro. Ruwa na tsallake iyaka, labarin ruwa kuwa a shinge yake tsayawa. Abin da wannan sharhi ke kira a yi shi ne a samu taswira ɗaya, wadda duk masu aikin ceto za su riƙa kallo tare, tun kafin ruwa ya zo.

Da farko, me ake nufi da taswira a nan?

Ba takardar da ake liƙawa a bangon aji kaɗai ba ce. Ana nufin duk bayanin da ke cewa ga abu, ga kuma inda yake. Ina ƙauyen yake zaune, a kwari ko a tudu? Mutum nawa ke kwana a cikinsa? Wace hanya ce ke fara yankewa idan gulbi ya kawo? Wace gada ce ke ɗaukar babbar mota, wacce ce ba ta ɗauka? Ina asibiti, ina makarantar da za a iya sauke mutane? Ruwa kuma yanzu ya kai ina a jikin sandar awo da aka kafa a bakin kogi?

Yawancin waɗannan bayanai akwai su. Matsalar ita ce a warwatse suke. Awon kogi yana wajen hukumar ruwa. Hasashen damina yana wajen hukumar yanayi. Hanyoyi na ma'aikatar ayyuka. Yawan jama'a na wani ofishi daban. Kowa ya rungume nasa. Ranar da ambaliya ta zo, ranar ake fara neman lambar wayar juna.

Yanzu mu gangara kogin Binuwai, don a can ne aka fi ganin abin ƙarara.

A arewacin Kamaru, kusa da birnin Garwa, akwai madatsar ruwa ta Lagdo. An kammala ta a 1982. Tana ba da wutar lantarki, tana ba da ruwan noman rani, ga kuma kamun kifi. Idan damina ta yi ƙarfi tafkin ya cika, dole masu kula da ita su buɗe ƙofofi su rage ruwa. In ba haka ba madatsar ce za ta fashe, kuma wannan ya fi komai muni. Ruwan da aka saki sai ya bi Binuwai ya shigo Adamawa. Ya wuce Yola da Numan, ya ratsa Taraba, ya isa Makurɗi, ya haɗu da kogin Neja a Lokoja, daga nan ya nufi teku.

A 2012 an ga abin da wannan hanya za ta iya yi. Hukumar agajin gaggawa ta Najeriya, NEMA, ta ce mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. An yi ta ƙorafi a lokacin cewa sanarwar sakin ruwan ta zo a ƙurarren lokaci. Shekara goma bayan haka, a 2022, abin ya maimaita kansa, har ya zarce. Sama da mutum 600 suka rasu. Ruwa ya hau babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Ƙarfe. Tankokin mai suka yi cirko-cirko na kwanaki, Abuja ta faɗa ƙarancin fetur. Wanda bai taɓa ganin Binuwai da idonsa ba, shi ma ya ji a jikinsa.

A nan sai an yi adalci. Mutane sun saba ɗora wa Kamaru laifin komai. Amma ministan albarkatun ruwa na Najeriya a 2022, Suleiman Adamu, ya fito ya ce mafi yawan ruwan daga sama ya sauko, kuma a cikin Najeriya. Kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a Binuwai suke zuba. Ga kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa don ta tare ruwan Lagdo, wadda shekaru da dama ana maganarta ba a gina ba. Saboda haka sanin cewa an buɗe Lagdo kaɗai bai wadatar ba. Sai an haɗa shi da awon sauran kogunan, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya.

An samu ci gaba, kuma ya kamata a faɗa. A watan Agustan 2023 Kamaru ta aiko da sanarwa a rubuce cewa za ta buɗe ƙofofin, ma'aikatar harkokin waje ta miƙa wa NEMA. A watan Satumban 2024 hukumar kula da awon koguna ta Najeriya, NIHSA, ta sanar da ranar da za a fara sakin ruwan, ta kuma ambaci jihohin da ya kamata su shirya. Wannan ya fi shiru nesa ba kusa ba.

Amma ku dubi hanyar da saƙon ke bi. Daga bakin madatsa ya tafi Yawunde. Daga Yawunde ya zo Abuja. Daga ofishi zuwa ofishi, sannan ya gangaro jiha, ya sauka ƙaramar hukuma, ya je wajen hakimi, ya kai ga dagaci. Takarda na zagaye manyan birane biyu, shi kuwa ruwa miƙewa kawai yake yi daga Garwa zuwa Yola. Kuma idan saƙon ya iso, me yake cewa? Yakan ce mazauna bakin kogi su koma kan tudu. Wane tudu? Ta wace hanya? Wace unguwa ce za ta fara tashi? Uwa mai goyo da tsoho mai sanda ba za su tashi da dare a kan magana irin wannan ba. Suna bukatar a kira sunan garinsu. Sunan gari kuwa a taswira yake.

Daga Binuwai, mu juya yamma, zuwa Yamai.

Kogin Neja yakan kawo sau biyu a Yamai. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba. Shi wannan daga rafukan da ke tasowa daga Burkina Faso yake zuwa, irin su Sirba da Dargol da Goruwal, ɗauke da jar ƙasa. Akwai kuma ruwan Gini, wanda ke shafe watanni yana ratsa fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu. Mai awon ruwa a Yamai, idan ya sauka bakin kogi da safe ya duba sandarsa, ruwan wata ƙasa yake karantawa. Abin da ya rubuta a littafinsa kuma, shi ne abin da zai sauka a Gaya, ya shiga jihar Kebbi bayan 'yan kwanaki.

A watan Satumban 2020 ruwan ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba kafin lokacin. Shingayen ƙasa da aka yi wa kogin suka ɓalle, unguwanni irin su Lamorde suka nutse. A wannan karon labari ya tsallaka. NIHSA ta yi gargaɗi cewa ruwan da ya cika Yamai yana nan tafe Kebbi. Ta samu labarin ne ta hanyar Hukumar Raya Kogin Neja, wadda ƙasashe tara suka haɗu a cikinta, hedkwatarta kuma a Yamai. Duk da haka gonakin shinkafa masu yawa sun salwanta a Kebbi a shekarar. Lambar awo ta tsallake iyaka, amma ba a juya ta ta zama magana mai cewa fadamar wane gari ce za ta cika, kuma yaushe ba.

Masu sauraronmu na Gana sun san irin wannan labari. Kusan kowace damina sai an jira sanarwar buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, saboda ruwanta a gonakin arewacin Gana yake sauka.

Sai mu zo ga wata iyakar da ba a cika magana a kanta ba, wato iyakar cikin gida.

Madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano suke. Ruwansu kuwa kogin Haɗeja yake bi. Ringim da Auyo da Haɗeja a Jigawa su ke karɓarsa. Ya wuce Nguru da Gashuwa a Yobe, yana fama da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyinsa tana karkatar da shi cikin gonaki. A ƙarshe ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar, ya taɓa Difa. Kogi ɗaya, jihohi da dama, ƙasa biyu. Kowace jiha da hukumar agajinta, kowacce da jerin ƙauyukanta. Taswirar jami'in Jigawa a iyakar Jigawa take ƙarewa. Alhali tudun da ya fi kusa da wani ƙauyen yana iya kasancewa a jihar maƙwabta, haka ma asibitin da ya fi kusa.

Maiduguri kuma ta nuna abin da ke faruwa a daren da ruwa ya riga labari. A daren wayewar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya afka cikin gari. Ruwa ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga Kasuwar Monday. Katangar gidan yari ta faɗi. Namun daji suka fita daga gidan zu. Gadoji suka nutse, gari ya rabu. Sojoji da 'yan kwana-kwana da ƙungiyoyin agaji da masu kwale-kwale duk sun fito, kuma sun ceci rayuka da yawa, Allah Ya saka musu. Amma a irin wannan dare tambayar kowa ɗaya ce. Wace unguwa aka riga aka shiga, wacce ce ba a je ba? Idan babu taswira ɗaya da kowa ke yi wa alama, sai jirgi uku su taru a lungu ɗaya, wani lungun kuma mutane na bisa rufin ɗaki suna jira.

To, me ke hana a haɗa bayanan? Mu duba dalilan, don ba duka ne na son zuciya ba.

Na farko sunaye. Ku ƙirga Sabon Gari nawa kuka sani. Tudun Wada nawa? Unguwar Rimi nawa? A ce an buga waya an ce ruwa ya ci Sabon Gari, direban motar agaji ina zai nufa? Ga kuma rubutu. Gari ɗaya, mai rubutun Faransanci ya rubuta shi daban, mai rubutun Ingilishi daban, mutanen garin kuma suna kiransa da wani sunan na uku. Kwamfuta ba ta san cewa gari ɗaya ne ba. Maganin wannan shi ne kowane gari ya samu lambarsa ta dindindin da alamar wurinsa, kuma ƙasashen su yarda da ita.

Na biyu ma'auni. Tsoffin taswirorin Najeriya an ɗaure awonsu da wata alama da ke Minna. Wayoyin hannu na yau kuwa da ma'aunin tauraron ɗan'adam na duniya suke aiki. Idan aka ɗora wannan bisa wancan ba tare da gyara ba, wuri yakan goce da mitoci masu yawa. A ofis wannan ƙaramin abu ne. A bakin kogi kuwa shi ke raba gidan da zai tsira da wanda zai nutse.

Na uku tsoro. Jami'an tsaro ba sa son taswirar gadoji da madatsu da sansanonin 'yan gudun hijira ta faɗa hannun 'yan bindiga. Wannan tsoro yana da tushe, kuma duk mai zaune a Zamfara ko Tilaberi ko Borno ya san haka. Amma ba komai ne sirri ba. Tsayin ruwa a kogi ba sirrin soja ba ne. Hanyar da ta yanke ba sirri ba ce. Ana iya ware abin da kowa zai gani, da abin da masu ceto kaɗai za su gani. Rufe komai don tsoron ɓarawo, talakan bakin gulbi ne ke biyan kuɗinsa.

Akwai na huɗu, wanda shi ba shi da uzuri. Wasu ofisoshi na ɗaukar bayani tamkar jari. Sai an rubuta takarda, sai an jira sa hannun oga, wani lokaci sai an biya. Bayanin da aka tara da kuɗin jama'a bai kamata a kulle shi a ranar da jama'a ke cikin ruwa ba.

Wani zai ce, ai wannan aiki ya fi ƙarfin ƙasashenmu. Bai fi ba, kuma ga shaida.

Ku tuna yaƙin da aka yi da cutar shan inna. Da can masu allurar rigakafi da zanen hannu suke yawo, kuma rugage da ƙananan ƙauyuka da yawa ba sa cikin zanen. Yaran da ke can ba a kai musu. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam ana zana taswirar mazaɓu a Kano da sauran jihohin arewa. Aka bi ƙauye-ƙauye ana tambayar masu unguwanni sunan wuri. Aka ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka. Da yamma sai a zauna a ɗaki ɗaya, jami'an gwamnati da na ƙungiyoyi, a dubi allo ɗaya, a ga inda aka tsallake, gobe a koma. Da cutar ta sake ɓulla a Borno a 2016, ƙasashen yankin Tafkin Cadi suka haɗa aikinsu, har tsibiran cikin tafkin aka bi. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Waɗannan taswirori ba su ɓace ba. Sunayen ƙauyukan na nan, asibitocin na nan, hanyoyin na nan. Abin da ya kai ɗigon rigakafi bakin yaro a ruga, zai iya kai kwale-kwale ƙofar gidansu. Mai wannan sharhi na ganin babu asarar da ta kai a bar irin wannan aiki a ma'aikata ɗaya, alhali hukumar agaji na maƙwabtaka tana lalube cikin duhu.

Hotunan sama ma ba su da wuya yanzu. Akwai taurarin da ke gani ta cikin hadari, dare da rana, kuma wasu hotunansu kyauta ne. Tun shekarar 2000 akwai yarjejeniyar da hukumomin sararin samaniya suka ƙulla, ta ba ƙasar da bala'i ya afka wa hotuna ba da kuɗi ba. Najeriya kanta ta harba tauraronta na farko a 2003, kuma hotunansa na cikin waɗanda aka yi amfani da su bayan guguwar Katrina ta Amurka a 2005. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take bin ruwan sama da koguna na yankin Sahel. A Njamena akwai Hukumar Tafkin Cadi. Tsakanin Najeriya da Nijar kuma akwai yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan ruwayen da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu, har da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe. Gidajen a gine suke. Ƙofofin tsakaninsu ne ba a cika buɗewa ba.

Abu na ƙarshe, siyasa. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 an rufe iyaka, an yanke wuta, zumunci ya yi tsami. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, kuma ba shi ne batunmu na yau ba. Amma kogin Neja bai fice daga ko'ina ba. Yana nan yana bi ta Mali, ya ratsa Yamai, ya shiga Kebbi. Duk saɓanin da shugabanni za su yi, layin da ke tsakanin mai awon ruwa na Yamai da takwaransa na Najeriya bai kamata a taɓa shi ba. Ya kamata injiniyan Lagdo ya iya kiran jami'in agaji na Yola kai tsaye, takarda ta biyo baya. Ya kamata a yi haka tun cikin rani, a san juna, a gwada layin, a zauna bisa taswira ɗaya kafin hadari ya haɗu.

Masu sauraro, ku ma kuna da hannu a wannan taswira. Dattijan garinku sun san inda ruwa ya tsaya a 2012, sun san bishiyar da ya taɓa a shekarun baya. Sarkin ruwa da masunta sun san mashigar da ke fara cika. Ku zauna da mai unguwa kafin damina ta yi nisa. Ku tsayar da tudun da za a taru, da hanyar da za a bi, da wanda zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya. Ku kai wannan bayani ƙaramar hukuma ko ofishin magajin gari, ku tabbatar an rubuta sunan garinku daidai. Ku tambayi wakilanku ko garinku na cikin taswirar hukumar agaji. Wanda ke da ɗan'uwa a saman gulbi, ko da a wata ƙasar ne, ya riƙe lambarsa, ku riƙa gaya wa juna idan ruwa ya taso. A Najeriya lambar kiran gaggawa ita ce 112. Idan kuma aka yi shelar a tashi, don Allah a tashi da wuri, a bar kaya a tsira da yara.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare na tudu da na kwari.